Janar Shazli: ya shirya ƙetare Suwez, aka saka masa da kurkuku

A farkon watan Oktoba, lokacin da Masar ke bikin tunawa da yaƙin 1973 da ta yi da Isra'ila, wani abokin zamanmu a majalisa ya nuna mana wani ɗan gajeren bidiyo a wayarsa. An nuna sojoji cikin kwale-kwale suna kabbara, an nuna shugaban ƙasar na lokacin, Anwar Sadat, cikin kakin soja, an ambaci Husni Mubarak da jiragensa, bidiyon ya ƙare ba a kama sunan wanda ya zauna ya tsara yadda za a ƙetare mashigin ruwan Suwez ba. Da na ce an bar Janar Sa'aduddin Shazli, babban hafsan hafsoshin Masar a wannan yaƙi, a baya, sai wani dattijo da ya saurari yaƙin a rediyo a zamaninsa ya ce da ni: "Ai wannan shi ne wanda ya karaya, ya ce a janye sojoji." Wannan magana ta dame ni ƙwarai, domin dattijon ba shi ya ƙirƙire ta ba. Abin da hukuma ta daɗe tana faɗa ne ya ratsa ƙasashe har ya iso kunnensa.

Matsayina a kan lamarin shi ne: shugaban ƙasa yana da ikon ya ƙi shawarar janar ɗinsa, yana kuma da ikon ya sauke shi, kuma ban ga laifin Sadat a kan amfani da wannan iko ba. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya ɓata sunan mutumin da abin da bai faɗa ba, sannan waɗanda suka gaje shi su share shi daga tarihin yaƙin, su kai shi gidan yari saboda ya ba da nasa bayanin. An zalunci Shazli, kuma zaluncin ya fi cutar da sojan Masar fiye da yadda ya cutar da shi.

Wane ne shi kafin 1973

An haifi Shazli a 1922 a lardin Garbiyya da ke arewacin Masar. Ya yi yaƙin Falasɗinu na 1948, shi ne ya kafa bataliyar sojojin laima ta farko a ƙasarsa a 1954, ya jagoranci bataliyar da aka tura Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, ya kuma yi yaƙi a Yaman. A 1967, lokacin da Isra'ila ta tarwatsa sojan Masar a hamadar Sina'i cikin 'yan kwanaki, yana cikin kwamandojin da suka iya dawowa da mafi yawan mutanensu. A watan Mayun 1971 Sadat ya naɗa shi babban hafsan hafsoshin soja, ya tsallake wasu da suka girme shi a aiki.

Akwai wani abu guda daga Kwango da ya biyo shi har ƙarshe. A can ne suka sami mummunan saɓani da wani hafsa mai suna Ahmad Isma'il, kuma wannan Ahmad Isma'il ɗin ne Sadat ya naɗa ministan yaƙi a watan Oktoban 1972, wato ya zama shugaban Shazli kai tsaye. Mutum biyu da ba sa ga-maciji da juna aka ɗora wa yaƙin da ƙasa ta shekara shida tana jira.

Aikin da ya yi

Bayan 1967 Isra'ila ta gina layin Barleb a gabashin mashigin Suwez: ganuwar yashi mai tsawon da ya kai mita 20 a wasu wurare, da sansanoni masu ƙarfi kimanin talatin, da tankoki a bayansu. Shazli ya fara da tambayar da manya da yawa ba sa son ji, wato me sojan Masar zai iya yi da abin da yake hannunsa a ranar. Amsar da ya ba kansa ita ce jiragen yaƙin Masar ba za su iya karawa da na Isra'ila ba, kuma abin da zai kare sojan ƙasa daga sama shi ne makamai masu linzami na kakkaɓo jirage da Tarayyar Sobiyat ta ba su, waɗanda mafi yawansu a kafe suke a yammacin ruwa. Kariyarsu ba ta wuce kilomita 10 zuwa 15 cikin Sina'i ba. Saboda haka ya ce a ƙetare, a rushe Barleb, a tsaya a cikin wannan tazara, a haƙa ramuka, a bar Isra'ila ta riƙa kawo hari tana asarar mutane, domin ƙasa mai ƙarancin jama'a ba ta jure dogon yaƙi da yawan gawawwaki.

Abin da ya fi burge ni game da shi shi ne yadda ya sauko har kan ƙananan abubuwa. Ya san cewa sojan da ya ƙetare da farko zai shafe sa'o'i yana fuskantar tankoki kafin nasa tankokin su iso, don haka ya lissafa nauyin abin da mutum ɗaya zai iya ɗauka, da ruwan da zai sha, da harsashin da zai riƙe. Ya sa aka ƙera ƙananan amalanke masu tayoyin babur, waɗanda soja biyu za su iya ja a cikin yashi ɗauke da makaman fasa tanki. An tanadi tsani na igiya don hawa ganuwar, an ba kowane kwale-kwale lamba da wurin saukarsa da lokacinsa. Ita kuwa ganuwar yashin, wani ƙaramin hafsa injiniya mai suna Baƙi Zaki Yusuf, wanda ya taɓa aiki a madatsar ruwa ta Aswan, shi ya kawo shawarar a zaizaye ta da ruwa, aka sayo injinan feshin ruwa daga Ingila da Jamus.

Ranar 6 ga Oktoba 1973, wadda ta yi daidai da 10 ga Ramadan, da misalin ƙarfe biyu na rana, jirage sama da 200 suka tashi, manyan bindigogi kimanin 2,000 suka buɗe wuta, ayarin farko na mutum 4,000 ya shiga kwale-kwale 720. Kafin cikar kwana guda, bisa lissafin Shazli kansa, sojoji kimanin 100,000 da tankoki kimanin 1,000 suna gabashin ruwa, waɗanda aka kashe a ƙetarewar kuma ba su kai 300 ba. Ranar 8 ga wata Isra'ila ta mai da martani da tankoki, aka fatattake ta, har aka kama wani kwamandanta mai suna Asaf Yaguri. Duk wanda ya san halin da Larabawa suka shiga bayan 1967 ya san nauyin wannan rana.

"Amma ai ya ƙi taimakon Siriya"

Wannan shi ne ƙorafi na farko, kuma yana da nauyi. Masar da Siriya tare suka shiga yaƙin. Da Isra'ila ta juya kan Siriya a tuddan Golan ta fara tura ta baya, Sadat ya ba da umarni a fita daga inuwar makaman kariya a nufi mashigan duwatsu na Mitla da Gidi, don a rage wa Siriya nauyi. Shazli ya ce a'a. Kwamandojin rundunoni biyun da ke fagen daga, Sa'ad Ma'amun na Runduna ta Biyu da Abdulmun'im Wasil na Runduna ta Uku, su ma sun nuna rashin amincewa. Ministan yaƙi ya ce musu hukunci ne na siyasa, dole a bi. Abin da kawai suka samu shi ne jinkirin kwana guda.

Ina girmama hujjar cika alkawari ga abokin yaƙi. Sai dai tambayar da Shazli ya yi ita ce ko harin zai taimaki Siriya ɗin da gaske, kuma amsarsa ita ce ba zai taimaka ba, tunda Isra'ila tana da isassun tankoki a Sina'i da za su tare shi ba tare da ta ɗauko ko ɗaya daga Golan ba. Haka kuwa aka yi. Ranar 14 ga Oktoba Masar ta rasa tankoki kimanin 250 a yini guda, kusan daidai da abin da ta rasa a duk kwanakin da suka gabata, kuma ba ta ci ko taku ɗaya mai amfani ba. Mafi muni, don a yi wannan hari sai da aka ƙetarar da mafi yawan rukunonin tankoki na 4 da na 21, waɗanda aka ajiye a yammacin ruwa a matsayin dakarun ko-ta-kwana. Aka bar bayan gida babu mai tsaro.

Duk wanda ya taɓa gini ya san irin wannan. Magini ya gaya wa mai gida cewa tushen da aka yi na bene ɗaya ne, ba zai ɗauki na biyu ba. Mai gida ya ce kuɗinsa ne, a ɗora. Magini ya ɗora bisa umarni, bango ya tsage. Mai gida yana da ikon ya sallami maginin, amma in ya shiga gari yana cewa maginin ne bai iya aiki ba, ya ci amanarsa.

A nan akwai abin da zan riƙe Shazli da shi. Tun kafin yaƙi an shirya wani tsari na biyu mai nuna cewa za a kai har mashigan duwatsun, aka nuna wa Siriya don ta yarda ta shiga yaƙin, alhali shugabannin Masar ba su da niyyar aiwatar da shi a lokacin. Shazli da kansa ya ba da labarin cewa an umarce shi ya shirya shi, ransa bai so ba, amma ya shirya. Wannan yaudara ce ga abokin tafiya, kuma yana da kaso a cikinta. Ita ce ma ta ba Siriya bakin neman a cika abin da aka nuna mata.

Maganar karaya

A daren 15 ga Oktoba sojojin janar ɗin Isra'ila Ariyel Sharon suka kutsa ta tsakanin rundunonin Masar biyu, suka ƙetare zuwa yamma a Defreswar, arewa da babban tafkin da mashigin ya ratsa. Hedikwatar soja a Alƙahira ta ɗauki abin a matsayin ɗan ƙaramin kutse na 'yan tankoki, kuma ranar 16 ga wata Sadat yana gaban majalisa yana jawabin nasara. Shazli shi ne babban hafsan hafsoshi a wannan rana, don haka jinkirin gane girman kutsen laifi ne da ya shafe shi kamar yadda ya shafi sauran.

Amma da aka gane, me ya ce a yi? Ya ce a dawo da wasu daga cikin tankokin da aka ƙetarar zuwa yamma, a daki masu kutsen daga can, inda makaman kariya suke. Sadat ya ƙi cikin fushi. Maimakon haka aka tura birged na 25 ya bi gefen tafkin ta gabas, ya faɗa tarkon da aka ɗana masa ranar 17 ga wata, aka ƙone mafi yawan tankokinsa. Bayan kwana biyu ko uku Shazli ya dawo daga fagen daga ya sake neman a dawo da birged huɗu na tankoki. Sadat ya yanke cewa ba za a janye ko soja ɗaya ba.

Daga nan ne maganar da dattijon majalisarmu ya ji ta samo asali. A littafin tarihin rayuwarsa Sadat ya ce Shazli ya dawo a karye, yana neman a janye sojoji daga gabashin ruwa. Shaidar da ta fi ƙarfi a kan wannan ta fito daga bakin mutumin da ba shi da dalilin kare Shazli, wato Janar Abdulgani Gamasi, shugaban sashen ayyukan yaƙi, wanda shi ne ya gaji kujerarsa. Gamasi bai goyi bayan dawo da tankokin ba, yana ganin hakan zai iya girgiza zukatan sojoji. Duk da haka ya rubuta cewa bai ga Shazli a karye ba, kuma abin da ya nema birged huɗu ne. Tsakanin kwamandan da ya ce a juya wani ɓangare na tankoki don a toshe ɓaraka da wanda ya ce a gudu akwai tazara mai nisa, kuma Sadat soja ne, ya san wannan tazara.

Ban ce tsoron Sadat ba shi da tushe ba. A 1967 umarnin janyewa ne ya rikiɗe ya zama gudun ceton rai, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Yana kuma kallon teburin sulhu, inda kowane taku na ƙasa a gabashin ruwa yake da daraja. Masana yaƙi har yau suna iya saɓawa a kan ko birged huɗun za su isa. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne sakamakon: an ayyana tsagaita wuta ranar 22 ga Oktoba, Isra'ila ta ci gaba da tafiya, kafin 24 ga wata ta yi wa Runduna ta Uku ƙawanya, dubun-dubatar sojoji suka koma sai da yardar abokan gaba abinci da ruwa za su isa gare su. Da wannan wuƙa a wuya Masar ta zauna tattaunawa da Isra'ila a kilomita 101 na hanyar Alƙahira zuwa Suwez.

"Ai Sadat ne ya dawo da Sina'i"

Gaskiya ne. Yarjejeniyar Camp David ta 1978 da ta zaman lafiya ta 1979 su suka kai ga ficewar Isra'ila daga Sina'i a 1982, garin Taba da ke kan iyaka kuma ya dawo a 1989. Mai wannan hujja yana cewa Sadat ya hangi abin da janar bai hanga ba, wato yaƙin hanya ce kawai ta buɗe ƙofar siyasa. Ko da mun karɓi wannan gaba ɗaya, ba ta wanke hukuncin 14 ga Oktoba ba, hasali ma tana ƙara tona shi. In manufar ita ce a riƙe ƙasa kaɗan a tilasta tattaunawa, to tsarin Shazli na tsayawa a inuwar makamai shi ne ya dace da ita, kuma fita daga inuwar ne ya rage wa Sadat ƙarfin da zai yi ciniki da shi. Samun Sina'i daga baya bai dawo da matasan da suka ƙone a cikin tankoki a wannan yini ba, kuma iyayensu suna da haƙƙin sanin wanda ya ba da umarnin da kuma wanda ya yi gargaɗi.

"Soja ba ya tona asirin ƙasarsa"

An sauke Shazli a watan Disamban 1973, aka tura shi jakada Landan, daga baya Fotugal. A 1978 ya fito fili ya soki manufar Sadat ta sulhu da Isra'ila, ya bar aiki, ya koma Aljeriya gudun hijira, inda ya rubuta bayaninsa na yaƙin. Kotun soja ta yanke masa hukuncin shekara uku a bayan idonsa, bisa zargin fallasa sirrin soja da wallafa littafi ba da izini ba. Da ya dawo gida a watan Maris na 1992, yana ɗan shekara kusan 70, daga filin jirgi aka wuce da shi gidan yari, ya yi kimanin shekara ɗaya da rabi.

Na ji masu ilimi a cikinmu suna kawo misalin Khalid ɗan Walid: Sayyidina Umar ya sauke shi daga jagorancin rundunar Sham, ya miƙa wa Abu Ubaida, Khalid bai yi tawaye ba, ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashin wani. Misalin yana da kyau, amma a karanta shi har ƙarshe. Shazli ma bai yi tawaye ba. Ya faɗi ra'ayinsa a ɗakin da ya kamata, aka ƙi, ya aiwatar da umarni, aka sauke shi ya tafi, bai juya tanki ko ɗaya ya nufi fadar shugaban ƙasa ba, a yankin da janarori suka saba yin haka. Sannan malaman tarihi sun ruwaito cewa Umar ya rubuta wa garuruwa yana bayyana cewa bai sauke Khalid don fushi ko ha'inci ba, sai don gudun kada mutane su fitinu da shi. Wato shugaban da ya sauke kwamandan shi ne ya tsare masa mutunci. Shazli kuwa shugabansa ne ya fara buga littafi yana jifansa da karaya. Wanda aka yi wa haka a bainar jama'a, da wace hujja za a ce masa ya yi shiru har kabari?

Batun sirri kuma, Isra'ila ta san tankoki nawa ta ƙone, Amurka da Sobiyat suna kallo ta sama. Waɗanda ba su sani ba su ne mutanen Masar, waɗanda aka gaya wa cewa kutsen Defreswar wasan kwaikwayo ne na talabijin. Sirrin da ake ɓoye wa mai gida kaɗai, alhali maƙiyi ya san shi, kare mutuncin shugabanni ne ake yi da shi.

A duba abin da ɗaya ɓangaren ya yi. Isra'ila ta kafa kwamitin bincike na Agranat, rahotonsa na farko a watan Afrilun 1974 ya yi sanadin saukar babban hafsanta Dabid Elazar, kuma a wannan watan firaministarta Golda Meya ta yi murabus. Ban kawo wannan don yabon Isra'ila ba, kuma ina ƙin abin da ta yi wa Falasɗinawa kamar yadda kowa a cikinmu yake ƙi. Na kawo shi ne don in nuna cewa ƙasar da ta yi wa abokan gabarta ƙawanya ta zauna ta tuhumi kanta, ita kuwa wadda aka yi wa ƙawanyar ta ɗaure mutumin da ya nemi a yi binciken. Ƙaramin hafsan da ya ga abin da ya sami Shazli ya koyi darasi, kuma darasin shi ne ya riƙa gaya wa na sama abin da yake son ji. Soja da aka tarbiyyantar a kan haka yana shiga yaƙi na gaba da makanta.

An karrama shi daga baya, magana ta ƙare?

Shekaru talatin na mulkin Mubarak, wanda shi ne kwamandan sojan sama a 1973, an mai da labarin yaƙin ya koma kan harin jirage na farko, sunan Shazli kuma ya ɓace daga bukukuwa. Da yawa daga matasan Larabawa ba su ji muryarsa ba sai a 1999, lokacin da tashar Aljazira ta yi doguwar hira da shi. Ya rasu ranar 10 ga Fabrairu 2011, Mubarak ya sauka washegari. A watan Oktoban 2012 Shugaba Muhammad Mursi ya miƙa wa iyalinsa lambar girma ta Nilu.

Wasu na ganin wannan ya wadatar. Ni ban ga haka ba, domin abin da Shazli ya shafe shekaru yana nema shi ne a zauna a bincika kwanakin nan tara, daga 12 zuwa 20 ga Oktoba, a gaban mutanen da ba sa tsoron kowa, a saurari nasa da na Sadat da na Ahmad Isma'il da na Gamasi, a fitar da wanda ya yi daidai da wanda ya yi kuskure, har da nasa kuskuren game da Siriya da jinkirin gane kutsen. Dukansu huɗu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya gafarta musu, kuma babu ɗayansu da irin wannan bincike zai ɗaure yau. Waɗanda suke buƙatarsa su ne ɗaliban kwalejojin soja, a Alƙahira da duk inda ake karantar da yaƙin Oktoba, waɗanda ya kamata a koya musu ranar 14 ga wata da irin dalla-dallar da ake koya musu ranar 6.